Takarda da Almakashi a Ilmin Handasa: Tarihin Samfurorin Kwali da Darasinsu ga Makarantunmu



 Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, watau takarda da kwali da almakashi. Wajen shekara 150 da suka wuce, waɗansu manyan malaman lissafi na jami'o'in Turai sun zauna sun yanka kwali, sun harhaɗa shi, sun fitar da siffofin da a da sai dai a rubuta su da haruffan aljabara a kan allo. Jami'o'i suka riƙa sayen waɗannan samfurori suna koyarwa da su, har zamani ya juya aka tura su cikin kabad aka kulle. Zan ba da tarihinsu a taƙaice, in bayyana yadda suke aiki, sa'an nan in faɗi abin da nake gani ya shafe mu a cikin labarin.

Na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwanmu da kwalin Jamusawa, mu da muke da azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa? To, ga ruwanmu a ciki. Duk wanda ya taɓa koyar da lissafi a ƙasar nan, ko ya taɓa zama a ofishin ilmi, ya san kukan da ake yi kullum, watau babu kayan aiki. Ya kuma san yadda ɗalibi yakan haddace ƙa'idar auna mazurari, ya rubuta ta daidai ran jarrabawa, amma in ka miƙa masa mazurarin ka ce ya nuna maka tsayinsa da gangarensa, sai ya tsaya yana kallonka. Irin wannan ɗalibi shi ne gobe zai zama safiyo, ko injiniya, ko malamin da zai koyar da waɗansu. Maganar da nake so in kafa ita ce, maganin wannan ciwo yana cikin kayan da suka fi kowane araha, kuma manyan masana sun riga sun gwada shi.

Abin da ake nufi da fuska

Ilmin da muke magana a kansa shi ne wanda Larabawa suke kira handasa, 'yan makarantar boko kuma suke ce masa jometiri, watau ilmin siffofi da awonsu. A cikinsa akwai abin da zan riƙa kira fuska. In ka ɗauki ƙwarya, ka mance da kaurinta da abin da ke cikinta, to, abin da tafin hannunka yake shafa shi ne fuskarta. Tana da tsawo, tana da faɗi, ba ta da kauri. Tabarmar da aka shimfiɗa fuska ce. Haka bayan ƙwai, haka mazaunin sirdin doki.

Akwai wani dangi na fuskoki da masana suke kira masu daraja ta biyu, domin a jimlar aljabarar da take bayyana su ba a ninka harafi da kansa fiye da sau ɗaya, watau ana samun x sau x, amma ba a wuce nan ba. Leonhard Euler ya tsara su aji aji a wani littafinsa na 1748. In muka ba su sunayen abubuwan da muka sani, akwai mai siffar ƙwai, da mai siffar kalangu wadda ta tsuke a ƙugu, da mai siffar ƙwarya biyu da suka juya wa juna baya, da mai siffar kwano mai zurfi irin bayan fitilar mota, da mai siffar sirdi, da kuma mazurari.

Wahalar koyar da su ita ce, allo a baje yake, su kuwa suna da gaba da baya da zurfi. Malami yakan zana da'ira a karkace, ya ɗiga ɗigo-ɗigo a madadin layin da ke ɓoye a baya, shi kam yana ganin siffar sarai domin ya riga ya san ta. Ɗalibi kuwa layuka kawai yake gani sun sarƙe. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma a nan ganin zanen ma bai kori komai ba, sai an sami abin da hannu zai juya.

Yadda aka fara

Dabarar naɗe takarda don a nuna siffa ta daɗe. A shekarar 1525 wani mai zane Bajamushe, Albrecht Dürer, ya buga littafi a Nuremberg kan awo da kamfas da rula. A ciki ya zana siffofi masu gefuna da yawa a warware, kamar fatar da aka shanya, don mai karatu ya yanka ya naɗe ya ga siffar ta tashi. A 1570 kuma, da Henry Billingsley ya fassara littafin Euclid, wanda Larabawa suke kira Uƙlidis, zuwa Ingilishi, sai aka liƙa 'yan guntayen takarda a shafukan da suke magana kan siffofi masu jiki. Mai karatu ya ɗaga su da yatsa, sai dala ta miƙe tsaye a kan shafin.

Waɗannan duka siffofi ne da aka haɗa da fallaye a baje. Lanƙwasasshiyar fuska ta fi su wuya. A Faransa, Gaspard Monge, wanda yana cikin waɗanda suka kafa babbar makarantar injiniyoyi ta Faris a 1794, ya tsara ilmin zana abu mai jiki ta hanyar dubansa daga sama da kuma daga gaba, ilmin da har yau ake koya wa masu zanen gini. Bayansa wani tsohon ɗalibin makarantar, Théodore Olivier, ya ƙera samfurori na zare da ƙarfe a wajen 1830, waɗanda ake murɗawa a ga siffa tana sauyawa. Suna da kyau ƙwarai da gaske, sai dai suna da tsada, kuma ƙwararren maƙeri ne kaɗai yake iya yin su.

Kwalayen Brill

Alexander Brill an haife shi a Darmstadt ta ƙasar Jamus a 1842, ya kuma fara da karatun gine-gine kafin ya koma ga lissafi. A 1874, yana farfesa a garinsu, ya fitar da jerin samfurori bakwai na kwali na waɗannan fuskoki da na lissafa. Ya ɗauko dabarar ne daga wani samfur da Olaus Henrici, Bajamushe mai koyarwa a Landan, ya yi. Bari in bayyana asirin abin da misalin siffar ƙwai.

Ku ƙaddara muna da ƙwai da aka ɗan danne, har tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa suka bambanta, ko wane da nasa awo. In ka sa wuƙa ka yanka shi, galibi bakin yankan zai fito a matsayin zagaye mai tsawo. Amma akwai karkata biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, waɗanda in ka aza wuƙar a kansu bakin yankan zai fito cikakkiyar da'ira, irin wadda kamfas yake zanawa. Bugu da ƙari, duk yankan da ya bi wannan karkata, tun daga wannan kai har wancan, da'ira zai bayar, manya a tsakiya, ƙanana a gefe. Wannan magana tana da hujjarta a aljabara, amma da wuya hankali ya karɓe ta da ji kawai.

Abin da Brill ya yi shi ne, ya yanka waɗannan da'irori a kwali, na karkatar dama da launi ɗaya, na hagu da wani launi. Ya tsaga ko wace daga baki zuwa tsakiya, ya cusa su cikin juna kamar yadda ake sarƙa yatsun hannu biyu. Samfurinsa na farko da'ira 22 ne. Da an harhaɗa su, sai ido ya cike gurabun da ke tsakani, ƙwan ya bayyana, alhali kuwa babu ko falle ɗaya a cikinsa da ya lanƙwashe. Ɗalibi ba ya bukatar a rantse masa cewa akwai da'ira a jikin ƙwai, ga ta nan yana iya zare ta ya aza kamfas a kanta.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, samfurin yana motsi. Tun da ba a liƙe mahaɗan da gam ba, in ka matsa shi sai da'irorin su karkata gaba ɗaya, ƙwan ya ƙara tsawo ko ya ƙara kumbura. A wani matsayi guda sai ya zama ƙwallo sosai. In ka ci gaba da matsawa, sai ya kwanta a baje, ka sa shi cikin ambulan. Watau kwali ɗaya yana ɗauke da dangin siffofi marasa iyaka, ya kuma nuna cewa ƙwallo ɗaya ne kawai daga cikin 'yan gidan. Siffar sirdi ce kaɗai a cikin bakwai ɗin ba ta da da'ira a jikinta, don haka aka haɗa tata da fallaye masu miƙaƙƙen baki.

A 1875 Brill ya koma babbar makarantar fasaha ta Munik, inda ya haɗu da Felix Klein. Su biyun suka buɗe ɗakin ƙira, suka sa ɗalibansu lissafa fuskoki da ƙera su da kwali da zare da filasta, aka kuma ɗauki wannan aiki a matsayin ɓangare na karatunsu. Ɗan'uwan Brill, Ludwig, wanda yake da kamfanin ɗab'i a Darmstadt, shi ya ɗauki nauyin sayarwa. A 1893 Klein ya kai samfurorin Jamus babban baje kolin duniya na Shikago, jami'o'in Amurka suka yi ta oda. A 1899 Martin Schilling ya karɓi cinikin, kuma kundin kayansa na 1911 yana ɗauke da samfurori kusan 400.

Domin kada a zaci abin ya fi ƙarfinmu, ga yadda za a yi mafi sauƙinsu. Muna son ƙwallo wanda daga cibiyarsa zuwa bakinsa santimita 5 ne, za mu kuma yanka shi a tazarar santimita biyu biyu. Yankan tsakiya zai ba da da'ira mai awo 5. Na biye da shi, a nisan 2 daga cibiya, ƙa'idar Pythagoras ce za ta ba mu awonsa: 25 a debe 4, saura 21, tushensa wajen 4.6. Na ƙarshe, a nisan 4: 25 a debe 16, saura 9, tushensa 3. Saboda haka za a yanka da'ira biyu masu awo 5, huɗu masu 4.6, huɗu masu 3, jimla goma, a raba su gida biyu daidai. A ja layukan tsaga a tazarar santimita biyu biyu daga cibiya, a tsaga rukunin farko daga sama zuwa tsakiya, na biyu daga ƙasa zuwa tsakiya, a cusa. Ku lura, yaron da ya yi kuskure a lissafin, bakin da'irorinsa ba zai haɗu ba, kuma shi da kansa zai gani tun malami bai sa jan biro ba.

Abin da takarda take ƙin yi

Yanzu mun zo ga zuciyar maganar. Takarda tana da wata ɗabi'a: tana lanƙwasuwa, amma ba ta jawuwa kamar roba. In ka ja ta da ƙarfi, yagewa za ta yi. Saboda wannan taurin kai nata ta zama ma'auni. Kana iya naɗe ta ta zama bututu, kana iya naɗe ta ta zama mazurari, kamar yadda mai sayar da gyaɗa yake yi. Amma gwada ka lulluɓe bayan ƙwarya da falle ɗaya, za ka ga tilas ta tattare ko ta yage. Haka in ka ɓare lemo ka so ka baje ɓawon a kan tebur, sai ya tsattsage.

Carl Friedrich Gauss, wanda ya yi shekaru yana aikin safiyo a ƙasar Hanover, shi ya bayyana dalilin wannan a 1827. Ya nuna cewa ko wace fuska tana da wata lanƙwasa ta asali wadda naɗewa ba ta canza ta, muddin ba a ja fuskar ba. Ta takarda sifiri ce, haka ta bututu da ta mazurari, shi ya sa suke karɓar juna. Ta ƙwarya ta ɗara sifiri, ta sirdi kuwa ta gaza sifiri. Fuskoki biyu da suka saɓa a wannan ba za su taɓa kwantawa a kan juna lif ba.

Ana iya gwada wannan da almakashi. A yanka alwatika masu gefe uku daidai, ko wace kusurwa digiri 60. In ka jera shida kewaye da ɗigo ɗaya, sun cika digiri 360, za su kwanta a baje. In ka cire ɗaya ka haɗa biyar, sai tsakiyar ta taso kamar malafa. In ka cusa ta bakwai, wuri ya yi musu kaɗan, sai gefen ya yi ta hawa da sauka kamar ganyen latas. A nan ɗalibi ya riƙe handasa iri uku a hannunsa. A ta farko kusurwoyin alwatika suna haɗuwa su ba da digiri 180, a ta biyu su zarce, a ta uku su gaza.

Wannan ta ukun ta daɗe tana damun masana. Lobachevsky a Rasha da Bolyai a Hungari sun nuna tun wajen 1830 cewa ana iya gina handasar da ta saɓa wa ta Euclid, amma mutane da yawa sun ɗauke ta tatsuniya. A 1868 Eugenio Beltrami na Italiya ya nuna cewa wannan handasa ita ce take aiki a kan fuskar da lanƙwasarta ta gaza sifiri daidai wa daida a ko'ina. Bai tsaya ga rubutu ba. Ya yanka 'yan guntayen takarda, ko wane da awon da ya lissafa, ya liƙa su, ya sami wani abu mai tattara kamar hular tsohuwa, faɗinsa wajen mita guda. A 1869 ya aika wa abokinsa Luigi Cremona da shi, kuma yana nan ajiye a Jami'ar Pavia. Fiye da shekara ɗari bayan haka, William Thurston na Amurka ya sake yin irinsa da siraran zobban takarda, a 1997 kuma Daina Taimina ta Jami'ar Cornell ta saƙa shi da zare da ƙwarashi, domin na takarda yana saurin lalacewa.

Ma'aikatan ƙasa da safiyo da ke cikin wannan ɗaki suna fama da hukuncin Gauss ko sun sani ko ba su sani ba. Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa takarda ce, saboda haka babu taswirar da ba ta tauye wani abu ba. A irin taswirar da Mercator ya fitar a 1569, tsibirin Girinlan yakan fito kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. Don a rage irin wannan kuskure ne aka raba taswirar awon ƙasa ta Nijeriya ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, Zariya tana cikin ta tsakiya. Dabarar ɗaya ce da ta mai son lulluɓe ƙwarya da takarda, tilas ya yanka ta sirara sirara.

Dalilin da ya sa aka ajiye su

Bayan Yaƙin Duniya na Farko cinikin samfurori ya ja baya, zuwa shekarun 1930 kuwa ya kusa tsayawa. Akwai matsin tattalin arziki a Jamus, akwai kuma sauyin ra'ayi a tsakanin masana. Lissafi ya karkata ga gina komai a kan ƙa'idoji tsantsa, aka shiga zargin ido da cewa yana yaudara.

Lalle wannan zargi yana da tushe, kuma ya girmi Turawan da suka yi shi. Abul Wafa al-Buzjani, wanda aka haifa a 940 ya yi aikinsa a Bagadaza, ya rubuta littafi kan abin da masu sana'a suke bukata na handasa. A ciki ya ba da labarin zaman da aka yi tsakanin masana da masu sana'a kan yadda za a yanyanka murabba'i uku a haɗa su su zama babban murabba'i ɗaya. Hanyar masu sana'a ta yi kyau a ido amma akwai ɗan kuskure a cikinta, masanan kuwa suna da hujja amma ba su ba da hanyar da mai yanka zai bi ba. Abul Wafa ya kawo yankan da ya gamsar da ɓangarorin biyu. Darasin a fili yake. Samfur yana nuna wa ɗalibi abin da za a kafa wa hujja, ya sa masa ƙishirwar sanin dalili, sa'an nan hujja ta zo ta tabbatar. Wanda ya tsaya ga kwali kaɗai bai gama karatu ba, wanda kuma aka ɗura wa hujjar abin da bai taɓa gani ba, hadda kawai zai yi.

Guguwar lissafin ƙa'idoji tsantsa ta iso mu ma. Tun daga taron Entebbe na 1962 aka shiga shirya wa ƙasashen Afirka littattafan abin da aka kira lissafin zamani, aka koyar da shi a makarantun ƙasar nan, har Gwamnatin Tarayya ta soke shi a makarantun firamare a 1977. Cikin dalilan da aka bayar akwai ƙarancin malaman da suka fahimce shi. Zanen aro dai ba ya rufe katara. A Turai kuwa an dawo an buɗe kabad. Jami'o'i irin su Göttingen da Illinois suna adana tarin samfurorinsu suna nuna su, a 1995 kuma John Sharp ya buga littafi a Ingila da ya mayar da dabarar Brill aikin 'yan makaranta. Yau kwamfuta tana zana ko wace fuska ta juya ta, wannan kuwa ci gaba ne. Amma hoton da ke kan gilashi ba ya yi wa hannu gardama kamar yadda takarda take yi, kuma kwali ba ya jiran a kawo wuta.

Handasar da ke hannun masu sana'armu

Jama'a, in muka fita daga wannan ɗaki muka shiga kasuwar Tudun Wada, za mu tarar da rabin wannan lacca ana aikata ta. Maƙerin farin ƙarfe da yake yin mazurari da bokiti da kwanon awo daga fallen kwano ya san cewa in yana son mazurari sai ya yanka da'ira ya cire mata yanki kamar an yanka waina, kuma gwargwadon girman yankin gwargwadon tsinin mazurarin. Tela ya san cewa yadi a baje yake, jikin mutum kuwa ba a baje yake ba, don haka yake tsuke wani wuri ya sa ƙari a wani. Mai saƙar faifai ya san in ya rage ɗinki a zagaye faifan zai kumbura ya zama kwando, in ya yawaita kuma bakin zai tattare. Wannan shi ne gwajin alwatika biyar da shida da bakwai, da kaba.

Dubi kalangu kuma. Igiyoyin da suka haɗa bakinsa biyu a miƙe suke. A ce an cire icen tsakiya, an murɗa baki ɗaya kaɗan, igiyoyin za su karkata, ko wace tana nan a miƙe, amma gaba ɗayansu za su fitar da siffa mai tsukakken ƙugu. Watau lanƙwasasshiyar fuska ce da aka gina da miƙaƙƙun layuka zalla. Christopher Wren ya bayyana wannan a 1669, injiniya Vladimir Shukhov kuma ya gina hasumiyar tankin ruwa a kan wannan siffa a Rasha a 1896, da miƙaƙƙun ƙarafa. Faifan kwali biyu da zaren ɗinki sun isa a nuna wa aji wannan.

In kuwa muka shiga birni, ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Azara miƙaƙƙiya ce, kuma ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta yi yawa. Sai magina suka riƙa jera gajerun azara, ko wace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta ta kuma ɗan karkata, suna ɗaurewa suna lulluɓewa da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga bango biyu ya haɗu a sama. Bakunan suka gitta juna, aka cike tsakaninsu, tulluwa ta zauna. Haƙarƙari masu gitta juna da suke fitar da lanƙwasasshiyar fuska, ai tunanin da ke cikin kwalin Brill ke nan, kuma masallacin ya girmi kwalin da shekaru kamar talatin. Abin da ya rage mana shi ne mu haɗa wannan sani na hannu da lissafin da yake bayyana dalilinsa, aikin da Abul Wafa ya yi wa masu sana'ar zamaninsa.

Abin da ya rage gare mu

Kakanninmu suna da uzuri. A zamaninsu takarda daga Italiya take zuwa ta hamada a kan raƙuma, mai tambarin wata uku, irin wadda Heinrich Barth ya gani a kasuwar Kano a 1851. Abu ne mai daraja da ake tanada don littafi, yaro kuwa allo ne nasa. Mu ba mu da wannan uzuri. Garin nan garin takarda ne tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Ko wace maɗaba'a tana zubar da ragowar kwalin da aka datse, ko wane kanti yana jefar da kwalin sabulu da na magani. Ga kwalejin horon malamai da aka kafa a 1962, ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a wannan shekara, ga makarantun sakandare kewaye da mu.

Saboda haka ina da roƙo ga ma'aikatan ilmi. Na farko, kada a mayar da wannan magana kwangila. In aka sayo samfurori aka rarraba, za su ƙare a kabad ɗin shugaban makaranta, don tsoron kada su lalace. Amfanin yana cikin yin su, kamar yadda Klein da Brill suka gane da suka sa ɗalibansu ƙira. Na biyu, a fara da malamai. Kada ɗalibin koyon malanta mai nazarin lissafi ya karɓi takardar shaida sai ya lissafa ya kuma haɗa samfur biyar ko shida da hannunsa. Na uku, sufeto in ya je duba makaranta ya tambayi abin da yara suka ƙera a wannan zango, ya kuma ɗauki ɗaya ya ce yaro ya bayyana masa. Abin da ake tambaya shi ake koyarwa. Na huɗu, a gayyato maƙeri ko tela aji sau ɗaya a zango, ya yanka a gaban yara, malami kuma ya rubuta lissafin abin da ya yanka a kan allo.

Ku kuma ɗalibai, ba sai kun jira kowa ba. Yau da dare ku yanka siririyar takarda, ku murɗa kai ɗaya rabin juyi, ku liƙa shi da ɗayan. Ku ɗora biro a tsakiyarta ku yi ta ja ba ɗagawa, za ku dawo inda kuka fara alhali kun bi ciki da waje duka, domin fuska ɗaya gare ta. August Möbius da Johann Listing suka gano ta a 1858. Sa'an nan ku tsaga ta a kan layin biron, amma kafin ku sa almakashi ku rubuta abin da kuke zaton zai faru. In zatonku ya saɓa da abin da kuka gani, ku nemi dalili. Daga nan ilmin lissafi yake farawa. Akwai kuma aikin da ke jiranku na samar wa waɗannan siffofi tabbatattun sunaye da Hausa, domin waɗanda na yi amfani da su yau shawara ce kawai, ku ne za ku gyara.

Shugaban taro, wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Ina fata in an sake irin wannan zama za a jera mana aikin hannun ɗalibanmu a kan wannan tebur, su kuma su tashi su yi bayani. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya sa mu dace.